Rabin Kitson Asiya

Duk matar da ta taɓa ɗora kanta a cinyata a garin Belbeji ta san hannuna da zafi, ni ma ban taɓa musu ba. Sunana Dado, ko da yake yanzu har sa'o'ina Inna Dado suke ce mini, kuma tun ina budurwa nake kitso a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu. In na kama gashi sai na ji tushensa a yatsana. Mace za ta yi ta cije leɓe, ta rantse ba ta ƙara dawowa, bayan wata guda sai ga ta tana sallama da mataji a hannu, don ta san kitsona ba ya tashi da wuri. Mai son hannu mai laushi ga shagon Zuhaira can bakin tasha, wanda 'yan mata ke kira salon. Akwai madubi ya kai ƙofa girma, da kujera mai juyawa, da wata na'ura kamar ƙwarya da ake kifa wa mace a ka ta busar da gashi, in an kawo kuran, wato wutar lantarki, ke nan. Ban raina yarinyar ba, halalinta take nema. Sai dai kawunan da maganin miƙar da gashi ya cinye wa goshi, wurina ake kawo su jinya da man shanu da karkashi.

Asiya ba ta taɓa taka shagon ba. Matar Salisu ce, autan Raishatu, ita kuwa Raishatu ƙawata ce tun muna 'yan mata muna zuwa rijiya tare. Da aka kawo Asiya amarya daga wani ƙauye na wajen Gangara, ni na yi mata kitson aure. Gashi gare ta mai cika da tauri, irin wanda ke karya mataji. Ranar na yi mata wani zane da ban taɓa yi wa kowa ba. Layukan suna tasowa daga goshi, su karkata su zagaye kunne, su sake lanƙwasa kafin su haɗu a ƙeya. Salisu ya gani ya ce ai kwarin Tarka, wanda ya ratsa yankinmu yana lanƙwasa, shi ne aka zana wa matarsa a ka, sunan kuma ya bi kitson. Yaron nan ba shi da kunya ko kaɗan. Sai ya tsaya a zaurena ya ɗaga murya, wai a gaya wa Inna Dado Allah ya bar hannu, in aika masa da zagi, ya tafi yana dariya. Tun daga nan, ko wane kitso Asiya ta yi a cikin shekara, in Salla ta zo kwarin Tarka take so.

Haihuwa ce ta ƙi tsaya musu. Ciki biyu ya zube, na biyun har ya yi girma, aka sha wahala kafin ta miƙe. Na uku ya shiga bayan wata kaka da hatsi bai yi ba, rumbu bai ko kai rabi ba. Shi ya sa Salisu ya bi samarin gari zuwa arewa wurin haƙar zinariya. Yakan aiko mata da saƙon murya in ya hau wani dutse da ake samun rezo, inda waya ke kamawa, wani lokaci kuma a yi makonni ba a ji shi ba, saboda haka shirunsa bai taɓa tayar mata da hankali ba. Saƙonsa na ƙarshe ya ce ko da ƙafa ne zai zo ya yi Layya a gida, ya ga haihuwar da idonsa. Cikin ya riga ya tsufa, tafiya ma da ƙyar take yi.

Salla na matsowa, wata safiya ina shara, Raishatu ta shigo. Ba ta zauna a tabarmar da na shimfiɗa mata ba, ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ta ce an kira Umaru, babban ɗanta, an shaida masa rami ya rufta da Salisu da wasu mutum biyu. An tono su, an yi musu salla, an rufe su can. Ta faɗi wannan duka idonta a bushe, kamar mai ba da labarin wani gida. Ni ce na zube a bakin gado na yi ta kuka, ita tana tsaye tana jira in gama.

Da na lafa ta gaya mini abin da ya kawo ta. Dangi sun zauna sun yanke ba za a gaya wa Asiya ba sai ta sauka lafiya. Maza suna karɓar gaisuwa a gidan wani kawunsu can ƙarshen gari, sadaka ma can aka yi. Umaru ya karɓe wayar Asiya, wai zai kai ta gyara Tanut. An hana ta fita da sunan nauyin ciki, matan unguwa kuma an ja musu kunne. Abu ɗaya ya gagare su, yarinya ta kafe sai an yi mata kitson Salla, don mijinta na nan tafe. In an hana ta za ta tambayi dalili. Wurin Zuhaira kuwa ba a ko maganarsa, don can kowace yarinya da waya a hannu, labarin ya riga ya zaga shagon. Saura ni. In tsefe mata, in wanke, in yi mata kwarin Tarka kamar kowace shekara, in rufe bakina.

Raina ya ɓaci, kuma na gaya mata. Uwata an yi mata haka. Ubana ya tafi cin rani Kano ya rasu can, tana da cikin ƙanena, aka ɓoye mata sai da ta haihu. Malamai kuwa sun ce takabar mai ciki tana ƙarewa ne ranar da ta sauka. To, ranar da aka gaya wa uwata, ba abin da ya rage da za ta yi wa mijinta. Ba zaman ɗaki, ba cire 'yan kunne, ba barin ado ko na yini ɗaya. Har ta tsufa tana cewa miji yana cikin ƙasa ita tana zizara kwalli, gari duka na kallonta. Ba ta taɓa zagin waɗanda suka ɓoye mata ba, amma ba ta sake sa kwalli ba har ta koma ga Allah. Raishatu ta san labarin nan sarai, a gidanmu ta yi rabin ƙuruciyarta.

Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Dado, ɗa na rasa. Abin da ya rage min na Salisu yana cikin yarinyar nan, kin kuma san yadda cikinta yake. Kar ki sa in rasa biyu."

Me zan ce? Ita ma gaskiya gare ta. Na ga jinin da Asiya ta zubar a ɓari na biyu, ni na wanke zannuwan. Na ce to, a turo ta ranar Alhamis.

Ranar na sallami duk masu layin kitson Salla, na ce musu kaina ke ciwo, don kada wata mai sakin baki ta zo ta yi wa yarinya kallon tausayi. Na jiƙa karkashi da ɗan kanwa tun da safe har ya yi yauƙi. Na narkar da man shanun da na saya wurin matan Fulani ranar kasuwa, na zuba masa dakakken kanumfari da kajiji, yadda nake yi wa amare da matan da ke jiran miji. Ina motsa shi ina jin kamar wani abu nake sata. Zafi ya yi tsanani a kwanakin, hadari ya haɗu a gabas ya watse, kowa ya gyara irinsa yana jiran ruwan shuka.

Da hantsi ta yi sallama. Ƙamshin humra ya riga ta shigowa. Ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa ya kama ya yi ja wur, ta zizara kwalli, 'yan kunnen aurenta suna lilo. Ta dafa ƙugu ta tsaya tana haki tana dariya, wai daga gidansu zuwa nan sai da ta huta kamar mai zuwa Agadas. Na sunkuya ina gyara tabarmar da ba abin da ya same ta, har na samu fuskata ta daidaita. Na ce mata ta zo da wannan kan nata mai kama da gonar da ba a nome ba, ta ce ai shi ya sa ta kawo shi wurin manomiya.

Na sa mata matashi ta jingina, na ɗauki kibiya na fara tsifar tsohuwar kalabar da ke kanta. Bakinta bai huta ba. Ta ce ta san Salisu zai dawo baƙi ƙirin a rame, shi ya sa ta ɓoye masa cuku a ƙasan kwalla, ko surukarta ba ta sani ba. Ta ce dama ya yi alkawarin sabuwar waya, gara ya kawo ta tunda tsohuwar ta tafi Tanut ta samu wurin zama. Sai kuma ta shiga ba ni labarin yadda ciki ya mai da ita sarauniya a gidan. Raishatu ba ta barinta ta ɗauki ko ludayi. Umaru da ke tsokanarta kullum yanzu gaisuwa kawai yake yi ya wuce, kansa a ƙasa. Matan maƙwabta in sun shigo sai su yi ta sannu, sannu, kamar ita ce ta fara ciki a duniya. Tana faɗa tana dariya, ni ina amsawa da to, da Allah Sarki, ina kallon tsagar kanta.

Na kai ta bayan ɗaki ta duƙa a kan turmi, na wanke kan da karkashi har ya yi santsi, na ɗauraye. Muka dawo rumfa ta sha iska ya bushe. Na taje shi, na tattara gashin da ya zube na dunƙule na sa mata a tafin hannu, don ba a barin gashin mace a ƙasa iska ta yi yawo da shi. Sannan na shafa man nan mai ƙamshi tun daga tushe. Ta lumshe ido ta ce wannan ƙamshin ko a zaure Salisu ya tsaya sai ya san ta zo wurina.

Ta kwanta ta gefe saboda cikin, ta ɗora kanta a cinyata, na tsaga layin farko daga goshi. Na yi niyyar cika alkawari, Allah ne shaidata. Na zagaye kunne, na lanƙwasa, na sauke a ƙeya, na koma na ɗauko na biyu. Layukan suna fita yadda ya kamata, ko ni da na duba ban ga aibu ba. A zatona aikina nake yi kamar kullum. Ban lura ba cewa tunda muka fara ban daka mata tsawa ta daina motsi ba, ban kuma ji ta ja numfashi ta haƙora ba ko sau ɗaya. Surutunta ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Na ɗauka barci ne ya sace ta, na ji daɗi.

Na gama ɓangaren dama ke nan, ina shirin ce mata ta juya, sai na ji muryarta a hankali, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Inna, yau hannunki ba zahi."

Na ce tsufa ne, da ciwon kan da na tashi da shi. Na kama wani gashi na ce bari in ja ta ji, yatsun suka ƙi. Na sake gwadawa, suka sake ƙi, kamar ba nawa ba.

Ta ce, "Ranar aurena sai da kika sa ni kuka. Da na tashi daga ɓarin nan na biyu na zo, na ce yau Inna za ta tausaya min, ba ki sassauta ba. Kika ce kai daban, ciki daban." Ta gyara kwanciya. "Sau ɗaya na taɓa ganin kin yi wa mace kitso haka. Rahamatu matar mahauci, satin da mijinta ya rasu. Ina zaune can ina jiran layi, na ga kina taɓa kanta kamar ƙwai."

Cikinta yana jingine da ƙwaurina, har ina jin motsin abin da ke ciki.

"Inna Dado, wa nake yi wa kitson nan?"

Ƙarya tana nan a shirye a bakina. Da na ce wa kuwa in ba wannan marar kunyar mijin naki ba, na haɗa da dungure mata kai, wataƙila da ta karɓa, don tana so ta karɓa. Na tuna Raishatu da busasshen idonta. Na tuna zannuwan da na wanke. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron in kashe wa ƙawata jika da bakina. Amma yarinyar nan ta tambaye ni kai tsaye, kanta a cinyata, kuma na ga uwata zaune a bakin murhu da idon da ba kwalli. Na kasa ƙaryar, na kuma kasa maganar. Sai na ɗauki kibiya na sa a bakin layin da na gama yanzu, na fara warware shi.

Ba ta motsa ba. Ta bar ni na tsefe shi tun daga ƙeya har goshi. Da na sa kibiya a na biyu na ji jikinta ya saki gaba ɗaya, ta yi nauyi a ƙafata. Ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, ni ma na kama mata. Daga nan bakina ya buɗe na gaya mata komai, don ba na son ta tsinta guntu-guntu a bakin wasu. Rami ne, ba shi kaɗai ba ne, ya fi mako guda. Ta tambaya ko an yi masa sutura, na ce abokan aikinsa sun yi masa wanka sun yi masa salla. Ta tambaya ko surukarta ta sani, na ce ta sani, don tsoron cikinki ta haɗiye kukanta.

Ta tashi zaune da ƙyar. Rabin kai a tsefe, sauran layukan kwarin Tarka suna nan. Ta buɗe tafin hannunta tana kallon lallen, gashin da na ba ta ya faɗi a tabarma. Ta ce shekaranjiya ta ƙunsa shi, ta kwana da shi don ya kama sosai. Ta shiga goga hannun a jikin tabarma da ƙarfi, sai da na riƙe ta na ce lalle ba ya fita haka, kuma ba laifi a kan wanda bai sani ba. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnen da kanta, ta ɗaure su a bakin zane. Sannan ta koma ta kwanta a cinyata ta ce in ƙarasa tsifar.

Na tsefe sauran. Ragowar karkashin yana nan a ƙwarya, na mai da ita kan turmi don in wanke ƙamshin da na shafa mata da hannuna. Sai da ruwa ya sauka a kanta sannan kukan ya zo. Ta dafa turmin tana yi, ruwa na bin fuskarta yana wanke kwallin, ni ina zubawa ina cuɗawa, na ƙi tsayawa har ƙwaryar ta ƙare. Da ya bushe na raba kan gida huɗu na kama shi manya-manya, ba zane ba lanƙwasa, irin wanda ake yi wa mai takaba don gashi ya taru kawai.

Ni na raka ta gida bayan azahar, tana dafe da kafaɗata. Raishatu tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago da murmushin da ta shirya, tana cewa a buɗe ta ga aikin Dado. Asiya ta durƙusa a gabanta ta zame kallabi. Raishatu ta dubi kan, ta dube ni, faifan ya suɓuce daga hannunta. Asiya ta ce, "Inna, ya haƙurinmu?" Nan ƙawata ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da aka kira Umaru. Suka rungume juna a ƙasa cikin waken, maƙwabta suka fara shigowa, kowa ya huta da ɓoyon fuska.

Har na fara gaya wa kaina na yi daidai. Kafin la'asar ta wuce Asiya ta ce mararta na ciwo, sai ga jini. Aka sa ta a amalanke aka nufi matarnite, gidan haihuwa, ina biye da su a guje, takalmina ɗaya ya tsinke a hanya na bar shi. Ungozomar gidan likita ta shige da ita ta rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa a jikin bango. Raishatu ta zo ta tsaya a kaina, muryarta ba ta ko tashi ba.

"Na roƙe ki, Dado. In wani abu ya sami abin da ke cikin nan, ni da ke sai a gaban Allah."

Kwanakin da Asiya ta yi a kwance a can ban taɓa kan kowa ba. Duk wadda ta zo kitson Salla na ce ta tafi wurin Zuhaira, yarinyar har ta aiko tana tambaya ko lafiya. Kullum da safe in kai kunu in ba wata ta shigar, in zauna a jikin bangon nan har rana ta kore ni. Ba zan ce na tabbata abin da na yi daidai ne ba, har yau ban tabbata ba. Da cikin ya zube da ban san inda zan sa kaina a garin nan ba, kuma da Raishatu ce mai gaskiya, ko ni da bakina sai in faɗa.

Allah ya sa jinin ya tsaya. Aka sallame ta da sharaɗin kwanciya, ta koma ɗakinta ta zauna takaba. Layya ta zo ta wuce tana sanye da tsohon zane, ba turare ba kwalli, lallen yana koɗewa a hannunta a hankali. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa har daga Gangara da Falanko, ta karɓi kowa da kanta, tana jin abin da ake faɗa a kan mijinta. Duk Juma'a takan aiko in je in gyara mata kamun nan huɗu. Ina shiga gidan Raishatu za ta tashi ta shige ɗaki, in na gaishe ta ta amsa daga bayan labule, wani lokaci ma ba ta amsawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A shekara ɗaya aka yi mana aure, mun binne mazajenmu, ba mu taɓa yin gaba ba sai a kan wannan.

Takabar ba ta kai wata guda ba. Ranar da aka samu ruwan shuka, gari ya watse gona tun da sassafe, naƙuda ta kama ta. Kafin azahar ta haifi 'ya mace, 'yar ƙarama kamar ɗan kyanwa, amma da muryarta ras. Ita ce aka sa wa suna Radiya. Kunnuwanta na Salisu ne, ba wanda ya gani bai faɗa ba.

Jajibirin suna aka aiko in zo in yi wa maijego kitso. Na ɗauki kibiyata da mataji, da ɗan kwanon man nan mai kanumfari, ban san ko za a so shi ba. Gidan cike da mata, ana daka ana tankaɗe, tukunyar ruwan wankan jego tana kan wuta. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar ɗaki. Raishatu tana zaune kusa da wurin, jaririyar a cinyarta. Wannan karon ba ta tashi ba, ba ta kuma dube ni ba.

Na tsefe kamun huɗun, na taje. Na tambayi Asiya wane iri take so, ina zaton za ta ce kalaba ko shuku mai sauƙi. Ta ce kwanakin takabar da ta samu kaɗan ne, amma ta zauna masa su, ba wanda ya zauna su a madadinta. Sannan ta ɗora kanta a cinyata.

"Ƙarasa min wanda kika fara. Yarinyar nan za ta buɗe ido, gara ta ga abin da ubanta yake so."

Na waiwaya ina neman kwanon man, ashe ya yi mini nisa, yana wajen ƙafar Raishatu. Ina shirin miƙewa sai ta sa ƙafa ta turo shi har gabana, idonta na kan jaririya. Ban ce na gode ba, ita ma ba ta jira ba.

Na shafa man, na tsaga layin farko daga goshi. Ban kai kunne ba Asiya ta kai hannu ta riƙe wuyan hannuna.

"Ba haka ba, Inna. Ja da ƙarhi, yadda kika saba."

Na ja. Na kama gashin tun daga tushe na ja yadda na ja shi ranar aurenta. Hawaye ya cika idonta ya gangaro ya jiƙa mini zane, nawa ma yana sauka a kan tsagar da nake bi. Mata suna ta wucewa da turmi da faifai suna ganinmu, ba wadda ta tambaye mu dalili, don kowa a Belbeji ya san hannuna da zafi.